Ranar da Muka Tura Motar da Ba Ta da Kuloci

Ko da tsufa zai share mini duk abin da na gani a kan hanya, akwai wani yini da na san zai bar mini shi. Shi ne yinin da na zauna a bayan sitiyari, ni da nake cin abinci da tuƙi tun ina saurayi, na rasa abin da zan yi da hannuna da ƙafata, ga mutane riƙe da sanduna sun zuba mini ido.

A lokacin ina jigilar fasinja tsakanin Gummi da Anka da wata tsohuwar mota mai giyar hannu. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga kafin ta rufu, amma mun san juna ni da ita. Da kunne nake tuƙa ta. In injin ya fara nishi na san tana neman in sauko mata da giya, in ya yi kuka mai tsini na san tana so in ƙara. In muka iso taɓo, na sa lamba biyu, na saki kuloci a hankali kamar mai lallashin jaki, sai ka ga ta ja jiki ta fita. A waɗannan shekarun ne motocin da ake kira otomatik suka fara yawa a wajenmu. Duk wanda ya sami hali ya sayo mota, irin ta zai kawo. A tasha muna yi musu dariya, muna cewa motar malalata. Ban taɓa shiga ɗaya na tuƙa ba, kuma ban ga abin da zan koya a cikinta ba.

Baffana, wan mahaifina, dattijo ne da ake jin maganarsa. Ɗansa da ke aiki a birni, wanda nake ɗauka ƙanena, ya sayo masa irin wannan mota, baƙa wuluk, gilasanta ma masu duhu. Baffa ba ya tuƙi, ba shi kuma da direba, don haka ta daɗe a ƙarƙashin rumfa kaji suna kwana a gindinta.

Ana tsakiyar damina sai aka aiko wa Baffa daga wani ƙauyen danginmu da ke can bayan Nasarawa Burkullu. Shanun wata ruga sun shiga gonar gero sun yi ɓarna, aka yi cacar baki, wani makiyayi ya fasa wa ɗan mai gonar kai da sanda. Samarin ƙauyen sun ce ba za su bari ba. A shekarun nan ƙaramar magana irin wannan ta fara zama babba a yankinmu, kowa ya san abin da ka iya biyo baya. Arɗon rugar kuwa tsohon aminin Baffa ne, a hannunsa shanun gidanmu suke tun zamanin kakanmu. Shi da kansa ya hau babur ya zo Gummi ya kwana a zauren Baffa, aka shirya washegari su tafi tare a zauna kafin azahar. An gaya wa ƙauye, an gaya wa ruga.

Da safe na kawo motata ƙofar gida. Baffa ya dube ta sama da ƙasa.

"Ba da wagga akwala za mu tahi wurin sulhu ba," in ji shi. "Ga mota nan yaro ya sawo, ta zauna tana cin ƙura. Ita za ka ja."

Na ce, "Baffa, ban san halinta ba."

"Mota dai mota ta. Kai da ka tsufa bisa hanya?"

Da na murɗa makulli ta ƙi tashi, saboda zaman da ta yi ya cinye batirin. Na jawo waya daga batirin motata na haɗa mata, ta tashi lafiya lau. Na ce a raina tafiyar za ta cika shi, in ma bai cika ba ai sai a tura. Tunanin da na yi ke nan, kuma duk direban da ya tashi a zamaninmu haka zai yi.

Tun daga ƙofar gida ruɗanin ya fara. Na ja giyar ta ƙi motsi, sai da maƙwabcinmu ya leƙo ya ce in taka birki tukuna. Na taka, na ja ta zuwa harafin da ya nuna mini, ina ɗaga ƙafa sai motar ta fara tafiya da kanta ba tare da na ba ta wuta ba. Ji na yi kamar na hau dokin wani, yana tafiya da ni inda ya ga dama.

A kan kwalta abin ya zo da sauƙi. Babu ƙara, babu girgiza, sanyi yana fita ta ko'ina, har Arɗo da ke baya ya fara gyangyaɗi. Amma ni ban sami natsuwa ba. Ina jin motar tana sauya giya a lokacin da ni ba zan sauya ba, hannuna na dama yana ta kai wa sandar giya yana dawowa ba abin yi. Da muka iso inda za mu bar kwalta mu kama hanyar ƙasa, sai jikina ya yi abin da ya saba. Ƙafar hagu ta tafi neman kuloci da dukan ƙarfinta, ta sami birki.

Motar ta kafe wuri guda. Hular Baffa ta tashi ta bugi gilashi, goron da ke bakinsa ya fita. Arɗo ya farka da goshinsa a bayan kujerata yana salati.

"Mi ka gani?" in ji Baffa yana dube-dube. "Akuya ta?"

"Ba komai, Baffa. Ƙafata ce."

"Ƙafarka mi ta yi?"

Arɗo ya shafa goshi ya ce, "Direba, in ƙafar ta dame ka, miƙo ta baya in riƙe maka."

Na naɗe ta a ƙarƙashin kujera kamar mai zaman tahiya, muka ci gaba. Sau da yawa a wannan hanyar na ji tana ƙoƙarin fitowa. A wani wuri mai santsi na so in sauko da giya, hannuna ya ture sandar zuwa firi, inda giya ba ta kamawa, ban sani ba, injin ya yi ta ihu motar tana rage gudu. Baffa dai ya cire hular ya riƙe a hannu.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka iso rafin da ke kusa da ƙauyen. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, rafin ya kawo. Na tsaya a saman gangaren don in sauka in gwada zurfin ruwan da ƙafa, na kashe mota kamar yadda na saba don kada mai ya ƙone a banza. Na ma yaba wa kaina da na tsaya a kan gangare. Ruwan bai wuce ƙwauri ba, ƙasan kuma yashi ne mai tauri. Na dawo na murɗa makulli. Ta yi ƙas-ƙas-ƙas ta yi shiru. Na sake, fitilun gaban sitiyari suka dusashe, daga nan suka mutu gaba ɗaya.

Na buɗe gaba na ƙwanƙwasa kan batir da dutse, na goge, na ɗaure. Babu labari. Ban damu ba tukuna. Na ce wa Baffa su zauna abinsu, zan sake ta ta gangara ta tashi. Na taka birki na ja giya. Ta ƙi. Na ja da hannu biyu, ko gezau. Motar tana tsaye a kan gangare, tayoyinta a kulle, ni kuma ban san abin da ya kulle su ba. A motata in komai ya mutu, giya tana hannuna. Wannan kuwa da batirin ya tafi sai ya tafi da komai.

Ina cikin wannan kokawa na hango mutane a tsallaken rafi. Samarin ƙauyen ne, sun fito daga cikin gero riƙe da sanduna da gatura, sun tsaya suna kallonmu. Kafin in yi magana sai na ji motsi a bayanmu. Makiyaya ne su ma, suna saukowa ta burtali da sandunansu, fuskokinsu a murtuke.

Daga baya na ji yadda aka yi. Wani mai babur ya wuce mu, ya shiga ƙauye ya ce ga wata baƙar mota mai duhun gilashi ta laɓe a bakin rafi. Mutanen ƙauye, da yake motata suke sa ran gani, suka ɗauka Arɗo ne ya yaudare su ya ɗauko jami'ai su kama samarinsu. Labarin ya isa ruga a juye, cewa an ga Arɗo a bayan motar hukuma, mutanen ƙauye sun sa an kama shi. Kowane ɓangare ya fito da nasa zaton. A lokacin ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na gani kawai, muna tsakiya, kuma babu wanda ya yi mana sallama.

Gilasan ma sun ƙi sauka, su ma ashe da batir suke aiki. Baffa ya buɗe ƙofa ya fito, ya sa hularsa a nutse. Arɗo ya fito ta ɗaya gefen. Wani dogon saurayi daga tsallake, wan yaron da aka fasa wa kai, ya ɗaga murya.

"Baffa, kai na? Su wa ag cikin motar?"

"Ni na, da Arɗo, da direbanmu da mota ta gagara," in ji Baffa. "Kun tsaya kuna kallon tsohhi cikin rana? Ku aje sandunan ga ku zo ku tura muna."

Arɗo ya juya ya yi wa nasa magana da Fulatanci, gajeruwa, da alama abu guda ya faɗa musu. Suka matso a hankali, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa. Wasu sun ajiye sanduna, wasu sun rataya a kafaɗa. Suka dafa motar suka tura. Ta ƙi ko motsi. Suka ƙara ƙarfi har bayanta yana ɗagawa.

"Direba, saki birki!" in ji dogon saurayin.

"Na saki!"

"To sa ta firi!"

"Ta ƙi shiga!"

Na fito na hau wani suri inda aka ce waya tana kamawa, na kira ƙanena. Da ƙyar na same shi, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Ya ce in duba kusa da sandar giya akwai wani ɗan murfi, in ɓalle shi da makulli in danna abin da ke ciki, giyar za ta saki. Sai ya ce, "Amma Yaya, me za ku yi? Ita wannan ai ba a..." Nan waya ta yanke. Na kira, na sake kira, ba ta ƙara shiga ba. Na sauko daga surin ina juya rabin maganar a kaina. Ba a me? Ba a wanke ta? Ba a shiga ruwa da ita? Ban kawo turi a raina ba ko kaɗan, don a sanina babu motar da turi ba ya tayarwa.

Na sami murfin, na danna, giyar ta shiga firi. Aka yi sowa. Suka tura, mota ta kama gangare, gudu yana ƙaruwa, su kuma suna bin ta a guje suna ihu.

"Lamba biyu! Sa lamba biyu!"

Na duba, sai ga lamba biyu a rubuce a jikin giyar. Daɗi ya kama ni, na ja sandar na kai ta can. Ban ji komai ba. Babu wannan fizgar da mota ke yi in inji ya kama.

"Saki kuloci! Saki kuloci mana!"

"Babu kuloci!" na faɗa da iyakar muryata, amma gilashi a rufe, ba mai ji na.

Ga rafi yana matsowa. Na taka birki na ji shi kamar dutse, sitiyari ya yi nauyi kamar an zuba masa siminti. Na miƙe tsaye a kan birkin da ƙafa biyu ina kiran sunan Allah. Ba birkin ya tsayar da ni ba, yashi ne. Motar ta kauce daga mashigi ta nutsa hanci a cikin laka, ruwa ya fantsama har saman gilashi.

Da na fito sai suka yo kaina da faɗa, manoma da makiyaya baki ɗaya. Dogon saurayin ya ce sun ba ni gudun da ko tirela za ta tashi, ni ne na ƙi sakin kuloci. Na ce masa motar ba ta da shi. Ya ce in daina yi musu wasa da hankali, ya yi aikin yaron mota shekaru, bai taɓa ganin mota babu kuloci ba. Na buɗe ƙofa na ce ya duba. Ya shiga ruwa ya sunkuya ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Wani makiyayi mai ƙuruciya shi ma ya cusa nasa ta gefensa. Daga baya aka gaya mini shi ne wanda ya yi bugun. Suka daɗe a sunkuye, kafaɗa tana gogar kafaɗa.

"Abin takawa biyu na," in ji makiyayin.

"Biyu na wallahi," in ji dogon. Ya ɗago ya dube ni. "Ya hwaɗi bisa hanya?"

"Haka aka yi ta."

"To in ta mutu, ƙaƙa aka yi?"

Na ce, "Abin da nake tambayar kaina ke nan."

Wani ya fara dariya, ban san ko daga wane ɓangare ba, sai ta bazu. Kowa ya ce sai ya gani da idonsa. Aka yi layi a cikin ruwa ana leƙa ƙasan sitiyari. Wani tsoho ya ce wataƙila an sace kulocin tun a birni aka sayar wa yaron haka. Wani ya ce kulocin yana ciki, sai mai ita ya san inda yake. Ni dai ina tsaye, wando a jiƙe, ban san wanda zan gaskata ba, don har ni na fara shakkar ko akwai wani abu da ban gano ba.

Aka gwada ɗaga ta da hannu, laka ta riƙe. A ƙarshe mai gonar da aka yi wa ɓarna ya aika aka kawo shanunsa na huɗa. Da suka ga baƙar motar suka tsorata suka ƙi matsowa, sai da makiyayan suka kewaye su suna yi musu irin kiran da suka sani, suna shafa musu wuya, kafin aka ɗaura igiya. Shanu suna ja, mutane suna turi, laka har gwiwa, aka fito da ita aka tsallakar zuwa gindin wata ɗorawa.

Azahar ta yi a nan. Aka yi alwala a rafin, Baffa ya ja salla, sahu ya haɗa kowa da lakarsa. Da aka sallame Baffa ya ce tunda Allah ya tara mu a nan, babu dalilin ƙarasawa cikin gari, a yi maganar a gindin itacen. Ba zan ce an yi ta cikin daɗi ba. An ɗaga murya, mahaifin yaron da aka fasa wa kai ya yi kuka, sau ɗaya dogon saurayin ya miƙe zai tafi aka riƙo rigarsa. Amma mutanen da suka gama dariya tare, hannuwansu suna ciwo daga igiya guda, sun kasa komawa irin fuskar da suka fito da ita. Makiyayin ya durƙusa ya ba da haƙuri, aka sa dattawa su je su ga gonar su ƙiyasta ɓarna, Arɗo ya ɗauki nauyin maganin yaron. Ni ina gefe a jikin motar, rabin hankalina yana wurinsu, rabi yana kan tambayar da ta hana ni sakat.

A ƙauyen muka kwana. Washegari aka kawo batir a kan babur daga Bukkuyum, ana ɗaurawa ta tashi da murɗa ɗaya kamar ba ita ba. Da muka isa inda waya ke kamawa ƙanena ya kira, ya ƙarasa maganarsa: irin wannan mota ba a tayar da ita da turi, ko garin duka zai taru. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma haka aka gaya masa.

Sulhun ya riƙe a wannan damina da wadda ta biyo. Abin da ya faru da yankinmu bayan nan ya fi ƙarfin zama a gindin ɗorawa, rugar ma ta tashi, hanyar kuma yanzu ba kowa ke bin ta ba. Har yau in na tuna, nakan rasa yadda zan auna ranar. Baƙar motar ce ta kusa sa a zubar da jini a bakin rafi, mutuwarta kuma ita ta sa aka ajiye sanduna. Da na je da tawa, da mun isa a kan lokaci, mu tarar da su da zuciyar da suka kwana da ita. Allah kaɗai ya san wanne ya fi.

Yanzu a tasharmu masu giyar hannu muna ƙarewa. Dillalai sun ce ba a kawo su sosai, samarin da ke koyon tuƙi kuma ba sa son wahalar kuloci. Ni ma na iya otomatik daga baya, na kuma yarda tana hutar da gwiwa. Amma har gobe na fi son motar da nake jin nauyinta a tafin ƙafata, wadda in ta gaza a daji mutanen da ke wucewa za su iya taimakonta da ƙarfinsu.

Abin da na koya shi ne, daɗewa a kan sana'a ba ya sa ka san abin da ba ka taɓa riƙewa ba, kuma jiki yana iya yi maka gardama da abin da ya saba. Tun daga ranar, duk abin da aka miƙo mini aka ce sabo ne mai sauƙi, mota ce ko waya ko injin ban ruwa, ba na karɓa sai na tambayi mai shi: in ya mutu a inda babu kowa sai ni, me ake yi?